Jan Layi a Koramar Gawo

Tsoro ya kama ni ne ran Talata da hantsi, sa'ad da na ga sawun taya ya ratsa yashin koramar Gawo, daidai wurin da na ja wa jan layi a takarda. Na tsaya riƙe da kekena.

Koramar tana arewa da Dakoro, tafiyar rabin yini a ƙafa. Wata uku kawai take gudu a shekara. Sauran watannin yashi ne, amma akwai wani lungu da in ka tona kamu biyu sai ruwa ya tsattsafo. Mai kula da lungun shi ne Na'Allah, ƙanin mahaifiyata. Bai taɓa riƙe sarauta ba. Manomin gero ne mai ɗingishi, ya gaji aikin daga mahaifinsa. Kowace safiya yakan zagaya da sanda yana caka ƙasa, ya nuna wa mata inda za su tona, ya sa a rufe ramin jiya. Ko raƙumi ba ya bari ya taka wurin. Makiyaya sun sani, sukan zagaya ta mashigin dutse.

Ya taɓa gaya mini dalili. Ya ce ƙarƙashin yashin akwai shimfiɗar yumɓu kamar ƙasan tukunya, ita ke riƙe ruwan. A cikinta gaiwa da kwaɗi suke kwana har damina.

"In ta fashe, Harisu, babu maginiyar da za ta ɗinke ta."

Bana, 1964, na gama lakwal, wato makarantar boko, a Maradi, aka ba ni aiki a wani biro, ofishin gwamnati, a Dakoro, ƙarƙashin Mushe Samba mai kula da hanyoyi. A kakar nan kamiyoyi, manyan motocin dakon gyaɗa, suka fara barin hanya suna yanke daji. Kawu ya zo biro da kansa, ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa.

Mushe Samba ya ba shi kujera. "Baba, ai yanzu ƙasar tamu ce. Ka nuna wa ɗanka wurin, ya zana mana, mu hana kamiyoyin bi ta nan."

Kwana biyu muka yi a koramar. Kawu yana caka sanda, ni ina aunawa. Abin da bai taɓa nuna wa baƙo ba ya nuna mini: iyakar yumɓun, inda ya fi kauri, inda ya fi tauri. Yana yi yana tsokanata.

"Ɗan lakwal, wannan jan alƙalamin naka ya fi sandata tsoratarwa?"

"Nesa ba kusa ba, Kawu."

Na ja layin, na rubuta a gefe cewa ƙasar nan mai tauri ce, na miƙa wa Mushe Samba.

Bayan mako uku na ga sawun. Na bi shi har na iske kamiyo a tsaye, shofer, wato direban, yana cika gora. Na tambaye shi wa ya nuna masa nan. Ya zaro takarda daga aljihu. Zanena ne, an kwafa, an buga hatimi.

"Allah ya yi wa mai zanen nan albarka," in ji shi. "Ko'ina muka bi sai mu kafe, ban da nan."

Na koma biro ina haki. Mushe Samba bai ko ɗaga kai ba. Ya ce gyaɗa ce ke riƙe da ƙasa, kuma ni da hannuna na rubuta cewa wurin yana da tauri.

Kamiyo goma sha ɗaya suka bi cikin mako guda. Mata suka tona kamu biyu, suka tona huɗu, yashi busasshe. Na ga gaiwa a cikin sawun taya, an murƙushe ta tare da lakarta.

Kawu bai zage ni ba. Ya dube ni, ya ce, "Ni na nuna maka." Da na ce zan rubuta ƙara zuwa Maradi, ya girgiza kai.

"Bar takarda. Da bakina zan faɗa."

Ya ɗauki sandarsa da gorar ruwa. An ce masa ya hau kamiyo, ya ƙi. Yau kwanansa goma sha biyu da tafiya. Matarsa Uwale tana ɗebo ruwa daga rijiya mai nisa, in mun haɗu takan amsa gaisuwata a taƙaice. Kamiyoyi suna nan suna bi. Har yanzu ba mu ji ko ya isa Maradi ba, balle abin da aka ce masa.