Yadda "Da Sauƙi" Ta Ci Mini Yatsu Biyu

Salamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Wasu sun ɗauka fushi na yi, wani ma ya aiko yana tambaya cikin dabara ko ina nan da rai. Ina nan, sai dai an ɗan rage ni.

Bayan na yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma, na kama aikin fassara daga gida, aikin da ba ruwansa da inda kake zaune. Autata Rahama tana koyar da Turanci a Busan, can Koriya. Da ta ce in je in yi lokacin sanyi a wajenta, na rufe gidana na Plumstead, unguwarmu a London, na ɗauki kwamfuta na tafi.

Gari ne mai teku da tsaunuka, mutanensa akwai girmama tsoho. Abin da ya tafi da ni kuwa ɗakunansu, ta ƙarƙashin daɓe suke ɗumama gida. Ku dubi mutumin da ya shekara talatin yana rawar ɗari a London. Aikina sai wajen magariba yake farawa, lokacin da London ta waye, don haka yini nake a zaune a ƙasa, na ƙure zafin, na kafa tafin ƙafa.

Ina da ciwon suga shekara goma sha biyu, ƙafafuna sun daɗe ba sa jin abu sosai. Na sani, an sha gaya mini.

Wata safiya ina alwala na ga bororo a ƙarƙashin yatsun ƙafar hagu. Na ƙone ban ji ba. Na shafa basilin, na mayar da safa. A can takalmi ake cirewa a ƙofa, ba mai cewa ka cire safa, ita ta rufa mini asiri kwana goma. Da Rahama ta ga ina ɗingishi, ta kai ni ƙaramin asibitin unguwa. Likita ya wanke, ya ba da magani, ya ce mu dawo bayan kwana uku.

Ranar komawa, ciwon ya bushe daga sama, amma a ciki zugi nake ji har gwiwa. Likitan ba ya jin Turanci sosai, Rahama ce tafinta. Ya yi tambaya, ta juyo gare ni.

"Baba, ya jikin?"

Da Turancin da ta saba ta tambaye ni, da ƙila na faɗi gaskiya. Amma an ce mini ya jiki, bakina bai jira ni ba.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ku da kuka tashi a gida kun san haka ake amsawa, mahaifina ma da kalmar nan a bakinsa ya cika. Ita kuwa haihuwar London ce, ta ɗauki maganar a yadda ta ji ta, ta gaya wa likita ciwo yana raguwa. Ashe dalilin tambayarsa ke nan: in zugi na ƙaruwa, zai tura mu babban asibiti a ɗauki hoto a ranar.

Na ga ya gyaɗa kai yana murmushi, na kuma gane me ya faru. Ban gyara maganar ba. Yarinya tana da aji da rana, ban so in tayar mata da hankali.

Bayan mako biyu zazzaɓi ya kwantar da ni, yatsu biyu suka yi baƙi. A babban asibiti aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka ce ciwon ya kai ƙashi. Kwana tara ana yi mini ƙarin ruwa da allurai. Inshorar tafiya ta ƙi biya, don a fom ɗinsu ma ban ambaci suga ba. Ajiyar Rahama ce ta tafi. Sannan ta ajiye aikin, ta ɗauko ni muka dawo.

A nan London aka yi tiyatar. Likitar ta zana layi biyu da biro, ɗaya a gindin yatsu, ɗaya a ƙasan gwiwa, ta ce sai sun buɗe za su san wanne. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da na farfaɗo ban iya dubawa ba, sai da nas ta ce, "Yatsu biyu ne kawai, ƙafarka tana nan."

Mako shida ana ɗura mini magani ta jijiyar hannu. Wata rana Rahama tana canza mini bandeji, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ni na ce masa kana warkewa."

"Ba ke ba ce, Auta. Haka ake amsawa."

"To me ya sa ba ka taɓa gaya mini cewa ba haka ake nufi ba?"

Na shekara ina fassara wa baƙi takardu, wannan ɗaya ban fassara wa 'yata ba.

Yanzu ciwon ya rufe, ina takawa har masallaci da takalmin da asibiti suka yi mini. Na gode wa Allah, na gode wa likitocin ƙasashen biyu, da mutanen Plumstead da suka riƙa kawo tuwo har na fara ɓoye musu cewa an hana ni.

Masu suga, ku sa madubi ku duba tafin ƙafarku kullum, kada ku kusanta shi da abu mai zafi. Ku rubuta gaskiya a fom ɗin inshora. In kuma ɗanku na nan ne zai yi muku tafinta, ku bar gaisuwa a waje, ku faɗa masa inda ke ciwo da yadda yake ci.

Makarantar Rahama ta ɗauki wata a madadinta. Na ce ta sake nema, ta ce sai ta ga yadda zan yi da matakalar bene tukuna. Ku sa ta a addu'a, ita ta fi ni asara.