Gonar Na'ibi a Hawa na Uku

Ƙanena Na'ibi bai taɓa riƙe fartanya ba. A unguwar Ruwais ta Jidda aka haife shi kamar ni, kuma in ka cire na'ana'ar da ake jefa masa a shayi, ban san wani ganye da zai iya kiran sunansa ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, daga Mai Wurno ta Sudan ya zo aikin hajji ya zauna, Inna Rahamatu ta biyo shi da tukwanenta. Muka tashi da Hausa rabi, Larabci rabi, da iƙama, takardar zaman da duk shekara ake sabuntawa gaba na faɗuwa. Na'ibi ya zama mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a gidajen shaƙatawa na Abhur. Aikinsa ya iya, ban hana shi ba. Ciwonsa ɗaya ne tun yana yaro, ciwon na-sani. In ya kalli abu sau biyu a waya, to shi kenan, ya zama likita, ya zama injiniya, saura ya ja limanci.

Shekara shida ke nan Inna na fama da ciwon gwiwa da baya. Gidanmu a Safa hawa na uku ne, ba lif, matakala sittin da biyu. Duk ranar asibiti Na'ibi ke goya ta ya sauko da ita, ya sake goya ta ya hau, ni ina biye da kujerarta. Wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba, bai taɓa cewa ya gaji ba. Takardar zaman Inna ma a kan sunansa take. In babu shi, babu mu a garin nan, sai Sudan da ni da shi ba mu taɓa gani ba, ga ta kuma cikin yaƙi.

To, wannan mutumin da gida duka ke rataye a wuyansa, shi ne ya gani a waya wai a ƙasashen Turawa ana ba masu ciwo wiwi a matsayin magani. Sarkin hikima sai ya manta a Jidda yake, inda abin da bai cika tafin hannu ba ke kai mutum gidan yari, in ya fito a saka shi jirgi. Saye a titi, in ji shi, akwai haɗari. Gara ya noma abinsa a gida. Ka ji fa, gudun ruwa da faɗawa rijiya.

Wani ɗan cuwa-cuwa a Abhur ya sayar masa da iri ƙunshe a takardar shawarma. Ya dawo ya kwashe akwatunana daga ɗakin ajiya, wai zai zuba kayan aiki. Sati biyu yana ƙwanƙwasa. Ya manne bango da takarda mai ƙyalli, ya rataya fitilu, ya dasa wata tsohuwar na'ura da ya tsinto a wurin aiki, ya sa makulli biyu. Ni dai na ga kayan aikin nan kullum sai an kai musu ruwa a bokiti. Ran nan na tare shi a bakin ƙofar.

"Na'ibi, tun yaushe sukundireba ta fara shan ruwa?"

Ya yi ƙasa da murya. "Yaya Zubaidatu, don Inna ne. Ba kya jin nishinta? Ƙwayoyin asibiti sun daina yi mata."

Na fahimci abin da yake nufi. Na zage shi da Hausa, Hausar ta ƙare na koma Larabci. Ya ce ba sha zai yi ba, ba sayarwa zai yi ba, magani ne. Na ce to ya ajiye wannan bayanin, alƙali zai ji daɗinsa. Inna ban gaya mata ba, don hawan jininta. Wata biyu na yi ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Mota mai jiniya ta wuce, sai in ruga taga in leƙa. Shi kuwa gogan yana shiga yana fita da fara'a, wai tsirran sun kai masa ƙirji.

Manomin namu bai san ruwa na bin ƙasa ba. Wata Asabar bayan la'asar sai ga mai gidan, Abu Hashim, yana huci daga hawan bene. Silin maƙwabtanmu na ƙasa yana ɗiga, kuma daidai ɗakin ajiyarmu ne. Ya ce a buɗe. Na'ibi ya shiga lalube aljihu, wai makulli ya ɓata, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa. Inna daga kujerarta ta ce, "Kai, buɗe wa mutum ɗakinsa."

Ya buɗe. Ga haske, ga bokitai takwas, ga tsirrai kore shar masu ganye kamar yatsun hannu. Abu Hashim ya daina huci. Ya dubi ganyen, ya dubi Na'ibi, ya zaro wayarsa a hankali. Na ce a raina halas, tamu ta ƙare.

"Me kuke kallo haka? Kai ni in gani," in ji Inna.

Na'ibi ya ɗauko ta. Ta ƙura wa tsirran ido, ta miƙa hannu ta tsinki ganye ɗaya, ta murza, ta sa a baki.

"Ikon Allah. Rama ce."

"Wace ce Rama?" in ji Na'ibi. Wallahi haka ya ce.

Inna ta tsinko wani ta miƙa wa Abu Hashim, ta ce masa da Larabcinta na tsofaffi ɗan'uwan karkade ne, wato zoɓo, ganyen miya, a bayan gidansu a Mai Wurno kamar ciyawa yake. Ya tauna, tsamin ya sa ya yamutse fuska, ya mayar da wayar aljihu. Ya ce Na'ibi ya gyara silin mutane, kuma kada ya sake ganin gona a gidansa. Ya sauka yana girgiza kai.

Dariya na yi har na zauna a ƙasa, hawaye na zuba, rabi na tsoro ne. Wata biyu babban likita yana ba rama sanyi da haske kamar amarya, ya kulle ta da makulli biyu, mu kuma muna mutuwa a tsaye. Wayonsa ya kusa kashe mu, wautarsa ce ta cece mu. Na gaya masa ya je ya nemi ɗan cuwa-cuwar nan ya sumbaci goshinsa, don ya fi shi son Inna.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta sa na tsinke ganyen kaf na dafa, na kwaɗa mata da gyaɗa da albasa. Ta ci sosai, rabon da ta ci abinci haka tun azumi, ta ce shekara arba'in ba ta sa rama a baki ba. Tsohuwa ce, ba yarinya ba, ta san ba a kulle ganyen miya. Kwana biyu Na'ibi yana raɓe-raɓe yana jiran faɗa, faɗa bai zo ba.

Ranar Litinin ce ranar asibiti. Ya durƙusa ta hau bayansa, muka fara sauka, ina baya da kujera. A hawa na biyu ta yi magana, ba da ƙarfi ba, daidai kunnensa.

"Na'ibi, ciwon nan na iya zama da shi, mun saba. Da sun tafi da kai, wa zai sauko da ni?"

Ya tsaya cak. Ban ga fuskarsa ba, kafaɗunsa na gani suna motsi.

Inna ta ɗan buga masa kafaɗa. "Yalla, mu je. Riƙe ni da kyau, kada ka kayar da ni."