Maganin Yamai

Shekarar da aka sa wa Baba ƙarfe a zuciya, ni na yi jinyarsa a Yamai. Ɗan abu ne kamar raga, bai kai tsinken ashana ba, aka zura shi ta jijiyar hannu har ya je ya buɗe hanyar jinin da ta toshe. Ranar sallama likita ya damƙa mini ƙwayoyi iri biyu, ya ce su ne za su hana jini daskarewa a jikin ƙarfen, kullum sai an sha, ba fashi. Na kai Baba ƙauyenmu da ke bayan Sae Sabuwa, na zuba masa ƙwayoyin cikin gwangwanin madara, na koma Agiye inda nake koyarwa a lakol, makarantar boko. Duk ƙarshen wata ina aika wasu ta hannun direban da ke bin hanyar.

Ba a yi wata uku ba Inna ta kira ni ta ce ƙirjin bai daina ba. Wani lokaci nauyi, wani lokaci suka, har ya gangaro kafaɗa. Na kai shi Maradi wajen likitan zuciya. Mutumin ya zaunar da mu ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce jijiya kan ɗauki lokaci kafin ta saba da baƙon abu a cikinta. Yana iya yiwuwa kuma wata jijiyar ce dabam ta fara tsukewa, ko ɗaya daga cikin ƙwayoyin ce ke cin ciki tana kawo ƙwannafi, ko kuwa naman ƙirji ne kawai, tunda Baba ba ya iya ganin hauya ya ƙyale. Amma abin da ya fi tsoro shi ne tsallake magani. Ya dubi Baba ya tambaye shi ko yana sha.

"Ina sha," in ji Baba. Ban taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba, don haka ban ƙara tambaya ba.

Da aka ba mu hutu na tafi gida ba tare da na aika ba. Ranar Juma'a ce bayan masallaci, zaure cike da 'yan dubiya. Na tarar da baffana, ƙanen Baba, zaune a tsakiya da gwangwanin a cinyarsa. A gabansa ga wani maƙwabcinmu mai awon hatsi a kasuwar Gidan Rumji, ƙaton da ke saɓa buhun gero shi kaɗai, ya dafe ƙirji yana wani langaɓe kai. Baffa ya zaro ƙwaya ɗaya, ya sa haƙoransa da goro ya rine ya gatsa ta biyu, ya miƙa wa mutumin rabi, ɗaya rabin kuma, jiƙe da miyau ja, ya mayar cikin gwangwanin da mahaifina ke sha daga ciki. Na kutsa cikin zauren.

"Baffa, me kuke yi haka?"

"Ke ɗiyar ga, kin cika tsiya. Maganin Yamai na, kowa ya shaidi ƙarhinai. Mi rabin ƙwaya zai rage?"

A wajen Inna na ji sauran. Tun satin farko ake yi. Mai jiri ya zo, mai ciwon haƙarƙari ya zo, wata ma ta aiko a sam mata don ɓacin rai da ya tsaya mata a ƙirji. Wata gwaggonmu ta sha ta wuni tana haɓo, aka ce mugun jini ne ke fita, sai maganin ya ƙara suna. Mutanen da ba su taɓa leƙo mu ba sa'ad da muke kwance a Yamai, su ne kullum a zaure da 'yar kwaryar hurarsu ta dubiya, sun zo sannu a baki, idonsu na kan gwangwani. Shi kuwa Baba, don ya ishi kowa, ya koma sha sau ɗaya a kwana uku.

Na durƙusa a gabansa cike da haushi. Na ce, "Baba, ranku ne fa a cikin gwangwanin nan."

Ya ce, "Mutum shi tako har gidana, shi ce ƙirjinai na ciwo awa nawa, ga magani gabana, in ce mai babu?"

Na karɓe gwangwanin, na zubar da duk gatsattsun, na ba Inna sauran ta kulle a akwati. Na makara. Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, Baba ya yanke jiki ya faɗi a gindin rumbu. A Maradi aka ce jini ya daskare a cikin ƙarfen, kuma wani sashe na zuciyar ya riga ya mutu. Ya tashi, amma daga gida zuwa masallaci yanzu sai ya zauna sau biyu a hanya.

Rana ta uku a asibiti baffa ya zo dubiya. Ya yi addu'a mai tsawo, ya share ido da bakin riga, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Tunda yanzu ruwa aka ƙara mai, ragowar ƙwayoyin nan hwa? Jiya ban runtsa ba don ƙirjina."

Na kalle shi ina jin ƙyamar da ban taɓa ji wa ɗan Adam ba. Ashe Baba ya ji. Da robar iska a hancinsa ya ɗaga yatsa da ƙyar, ya nuna jakata, inda na sa ƙwayoyin da na karɓo daga akwatin Inna, ya ce in ba shi.

Na rungume jakar na fita waje. Ranar na fara ƙin bin maganar mahaifina.