Matuƙin Jirgi a Kujerar Aski

Mai aski ya gama aikinsa, amma baƙon bai tashi ba. Siriri ne, furfura ta fara leƙo masa a gefen kunne, idanunsa irin na wanda ya saba kallon nesa. Matuƙin jirgin sama ne, in ji shi.

"Maigida, taimaka ka juya ni a hankali. Zan rufe ido."

Mai aski yana tura kujerar zuwa dama, zagaye bayan zagaye, baƙon yana nuna inda yake jin ana kai shi da babban yatsa. Can yatsan ya miƙe sama, wai an tsaya, alhali kujera na tafiya. Da aka tsayar da ita, sai yatsan ya karkata hagu.

Ya buɗe ido, ya ga kansa zaune daram a madubi, ya yi dariya.

"Ka ga ƙaryar kunne? Cikinsa ne ke gaya wa jiki inda ya karkata. Haka yake mana cikin gajimare. Jiki ya rantse jirgi a miƙe yake, alhali ya karkace. Ga shi gobe ina da mutane a bayana."

"To can wa ke zame maka madubi?"

"Na'urorin gabana. Kamar maiɗakina suke, ko raina bai so ba, su ne da gaskiya."

Wataƙila wani gajimare ne ya taɓa koya masa wannan ladabi. Mai aski ya ɗaga masa ƙaramin madubi ta baya. Kowa shafa ƙeyarsa yake da hannu ya wuce. Shi kuwa dubawa ya yi sosai, sannan ya ce ta yi.