Hasken da Ya Huda Hazon Idon Baba

Shekara uku bayan an cire wa Baba yanar ido, hazo ya dawo masa. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa ya koma sai da murya yake gane 'ya'yansa. Abin yana ci mini rai, wallahi.

Da muka ji likitocin ido sun sauka a Birnin Kudu, na kai shi. Likitar ta duba, ta ce wata 'yar fata ce ta dushe a bayan ɗan gilashin da aka sa masa a cikin idon, mu dawo Laraba a huda ta da haske. Shi kuwa Baba aiki ɗaya ya sani, irin na farko, mai wuƙa da kwanciya. Ya zaga dangi kaf a Gwaram yana neman gafara, ya aika har Dingaya a yafe masa. Inna ta daka fura, ta ƙulle tabarma da bargo da buta. Na yi magana har na gaji. Haka muka cika bayan mota kamar masu ƙaura.

Da muka isa, aka ɗiga masa magani a ido, aka zaunar da shi gaban wata na'ura da ba ta fi keken ɗinki girma ba. Ya ɗora haɓa. Ina tsaye ina jin ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana karya tsinken tsintsiya. Ban kai ƙarshen addu'ar da na fara ba, likitar ta ce, "Baba, an gama."

Ya ƙi tashi. "'Yata, kada ki ji tausayina, fara kawai. Na shirya."

"Wallahi an gama, Malam."

Na tambaye ta me ta yi. Ta ce haske ne ake tarawa a sake shi lokaci guda, ƙiftawar ido ma ta fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Yana ratsa gaban idon bai taɓa komai ba, sai can inda aka auna. Haske fa! Ba jini, ba ɗinki. Subhanallahi kawai nake ta maimaitawa.

A hanyar komawa maganin idon bai saki Baba ba, ni kuma tsoro ya hana ni tambayarsa ko yana gani. Washegari da hantsi na kai masa kunu zaure. Ya ɗago kai, ya daɗe yana kallona har na tsargu.

"Kai," ya ce a hankali, "yaushe ka yi furfura haka ban sani ba?"