Baba Sylvanus da Ya Toshe Mana Kwamfutoci da Gam

Ƙarfe bakwai Baba Sylvanus, mai kula da kwamfutocinmu, yake sauka daga motar Gonin Gora, kuma ba ya zama. Kafin ya gama amsa gaisuwa ya zagaye kwamfutoci goma sha ɗaya na asibitinmu, yana leƙa bayansu kamar mai duba kaji. Shekara goma sha biyar ke nan yana wannan sintiri. Ni Patience, ta ɗakin katin marasa lafiya, na daɗe ina yi masa kallon fitinanne.

Lokacin da gwamnati ta aiko da takardar hana jona filashi ko waya a kwamfutar ofis, har da gargaɗin dokar laifukan intanet, manna ta muka yi a bango muka ci gaba da harkarmu. Wuta ba ta zama a unguwarmu ta Television, a ina za mu yi caji? Shi kuwa bawan Allah sai ya sayo gam, ya bi kowace kafar jona waya a jikin kwamfutocin ya toshe, ya ajiye soket mai baki shida a teburinsa, wai tashar caji. Mun zage shi a bayan ido har muka gaji.

Wata Talata layin caji ya yi tsawo, na sa tsinke na ƙwaƙule gam ɗin, na jona wayata. Kafin azahar ƙwayar cutar kwamfuta ta kulle fayilolinmu kaf. Ana cikin haka aka shigo da Talatu, mai juna biyu da ke awo a wurinmu, a sume. Akwai maganin da jikinta ba ya ɗauka, sunansa kuma yana cikin fayil ɗin da ya kulle. Na ruga na kira Baba.

Baba ya fizge wayar da ke haɗa kwamfutocin daga bango don kada cutar ta ƙara yaɗuwa, ya buɗe durowa ya ɗauko faifan da yake kwafe komai a ciki duk Juma'a, aikin da muke ce wa neman suna. Cikin minti ashirin likita ya samu sunan maganin. Talatu na nan da ranta, tana gasa masara a Nasarawa da goyonta.

Da ya ga kafar da na ƙwaƙule, na sa rai da takardar tuhuma. Abin da ya ce kawai shi ne, "'Yata, ai da kin zo na cire tawa na sa miki taki." Har yau kunya nake ji.

Baba, kai ne mai gadin da ba a ba shi ko sanda ba. Ƙarshen watan nan za ka yi ritaya, ba a turo magajinka ba, hankalina kuwa ya ƙi kwanciya. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku ma'aikata, doka a bango ba ta tsare komai sai an samu mai bin ta irinsa.

Gobe Juma'a. Ka zo da sauran gam ɗin, Baba, ka nuna mini yadda ake kwafe fayiloli a faifan.