Gayyar da Aka Yi wa Kwamfutar Baba

Shekarun baya, lokacin da na gama makaranta ina zaman jiran takardar bautar ƙasa, na koma gida Zuru da ƙaramar jaka da babban kai. Na ɗan iya kwamfuta, a unguwarmu kuwa wannan ya isa a riƙa kirana injiniya. Ni ma ban taɓa cewa a daina ba.

Mahaifina tsohon soja ne, kowa Saje yake ce masa, har mahaifiyata. Tun da ya yi ritaya ya ɗora wa kansa aiki guda: rubuta tarihin rayuwarsa saboda jikoki. Yana da wata tsohuwar laftof mai nauyi kamar dutsen niƙa, da ya saya wurin wani abokin aikinsa. Kullum da hantsi zai zauna a baranda ya buɗe ta, ya riƙa bugawa da yatsu biyu, yana magana shi kaɗai, wani lokaci ya yi dariya.

Da na dawo sai na tarar hancinsa ya kusa taɓa allon. Likita ya riga ya faɗa masa ciwon idonsa ba mai warkewa ba ne, magani dai zai rage masa gudu. Rubutun kansa yana iya ƙara masa girma, amma sunayen fayiloli da wuraren dannawa duk ƙanana ne, hasken farin allon yana sa shi hawaye, kibiyar nan da ake nunawa da ita kuma ta zama abokiyar gābarsa. Sai ya yi minti biyar yana nemanta. A cikin labarin kuwa ko shiga soja bai kai ba. Haihuwarmu, yawon bariki, dawowarsa gida, duk suna cikin kansa.

Wata rana mahaifiyata ta kira ni kicin, ta rage murya.

"Kai da anka ce ka karanci abin nan, ka yi wani abu mana. Jiya rufe ta ya yi ya zauna shiru har azahar. Ba ni son wanga shiru nashi."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ƙaramin aiki ne. Haka nake magana a lokacin.

Gaskiya na san maganin. Akwai wata manhaja ta kyauta, irin wadda masu ita suka bar ta a buɗe kowa ya duba cikinta ya gyara. Aikinta ta canza fuskar kwamfuta gaba ɗaya: allo ya koma baƙi, haruffa su zama manya rawaya, kibiya ta zama ƙatuwa, duk inda ta je wurin ya kumbura. Matsalar ita ce an gina ta ne don wata babbar manhaja daban, ba irin tsohuwar da ke tafiyar da laftof ɗin Baba ba. A shafinsu sun rubuta ƙarara cewa wanda ya gwada ɗora ta a kan irin tamu, shi ya jiyo, ba ruwansu.

Hanya mai sauƙi ita ce in goge komai in zuba sabuwar babbar manhaja. Na kawo wa Baba shawarar, ya dube ni kamar na ce a sayar da gona. Yatsunsa sun haddace manhajar da yake rubutu da ita, tsohuwar firintarsa ma da ita kaɗai take shiri.

"Ba ka taɓa min cikinta," ya ce. "Fuska kac ce za ka canza, to canza fuska."

Wani abokina yana da kafe na intanet kusa da kasuwa, can na tare. Kwana uku muka yi muna sauke abin, a ɗauke wuta mu koma farko, a kawo mu ci gaba. Da ya karanta gargaɗin da ke shafin sai ya kwashe da dariya.

"Masu abu da kansu sun ce ba ta hawa. Kai wane ne?"

"Ba su san ni ba ne," na ce masa.

Ashe ba irin manhajar da ake danna gaba, gaba, a gama ba ce. Sai ka harhaɗa ta da kanka, gunduwa gunduwa. Ka sa wannan ta ce sai da wancan, ka kawo wancan shi ma ya ce yana da ɗan'uwa da ba ya tafiya sai da shi. Na yi ta tura mata duk abin da ta nema, wanda ya ƙi shiga in tilasta masa. A rana ta biyar na kashe laftof ɗin na kunna, ina murmushi tun kafin ta tashi. Ta tashi da baƙin allo da layi ɗaya na Turanci, ta tsaya nan. Na sake kunnawa, haka. A wannan lokacin ne na tuna ban kwafi rubutun Baba a ko'ina ba. Aikin fiye da shekara, ni injiniya ban sa shi a filash ba.

Da la'asar Baba ya dawo daga gonarmu ta Manga, takalmansa duk taɓo. Ya tsaya a kaina.

"Injiniya, an gama?"

"Saura kaɗan, Baba."

Ba ya iya karanta layin, amma duhu kam yana ganinsa. Ya daɗe yana kallon allon.

"Rubutuna na nan?"

"Yana nan," na ce, alhali ban sani ba.

Ya juya ya shige ɗaki. Har yau idan na tuna wannan amsar sai na ji kunya ta kama ni. Tuwon ranar ko loma uku ban yi ba.

Washegari tun kafin abokina ya gama share shagonsa na isa. Ya kwance laftof ɗin, ya zare ma'ajiyarta ya haɗa da tasa kwamfutar. Rubutun yana nan, ko harafi bai ɓata ba. Ya kwafa a wuri uku, sannan ya juyo ya wanke ni tas, ni kuwa na yi ta cewa na gode. Muka maido da tsohuwar fuskar, muka koma inda muka fara: Baba da hanci a jikin allo.

Na so in haƙura. Abin da ya hana ni shi ne ganin yadda yake lalubar kibiyar nan, ya gaji, ya rufe. Sai na shiga dandalin da masu amfani da manhajar suke tattaunawa, na rubuta matsalata da Turancina na makaranta, na faɗi halin da idon mahaifina yake ciki. Kwana biyu shiru. Sai wani ya amsa da cewa ai an riga an rubuta ba a tallafa wa irin wannan, in koyi karatu. Na ji haushi, musamman da yake gaskiya ya faɗa.

Sannan wani ya shigo. Ba shi da suna sai laƙabi, hotonsa kuma na wani tsohon keke ne. Ya ce in kwafo masa layin nan na Turanci daidai yadda yake. Na tura. Ya sake tambaya, na sake turawa. A gidanmu modem, na'urar shiga intanet, ba ya kamawa sai na hau dutsen da ke bayan gida, don haka kullum da yamma maƙwabta suna ganina a can sama rungume da laftof, awaki suna kewaye ni. Safiyar mutumin ita ce yammacinmu, da haka na gane yana nesa ƙwarai. Fiye da mako muna wannan kai da kawo. A tsakiya ya gaya mini ya aro tsohuwar kwamfuta irin tamu wurin wani, don ya gwada da hannunsa. Daga ƙarshe ya aiko da gyara: in canza layi biyu a wani fayil, in cire gunduwa ɗaya in sa tsohon samfurinta.

Wannan karon sai da na kwafi komai. Na kunna, na kau da kai, na juyo. Baƙin allo, manyan haruffa rawaya, da kibiya kamar tafin hannu.

Na kai wa Baba baranda na ajiye a gabansa. Ya matso da fuska yadda ya saba, sai kuma ya ja baya a hankali, har bayansa ya taɓa kujera.

"Kai! Ga 'yar banzar nan!"

Ya yi ta yawo da kibiyar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya buɗe rubutunsa da kansa, ya karanta layin ƙarshe da ƙarfi, ya ɗora daga nan. Mahaifiyata ta leƙo daga kicin, ta ji ƙarar yatsu biyun nan, ta koma tana 'yar waƙa. Ranar bai tashi ba sai da ruwa ya fara feso barandar.

Na so in cinye yabon ni kaɗai, amma tsohon soja ba a yi masa haka. Da yamma ya kira ni.

"Wancan karo ka kashe ta. Wanga karo ta tashi. Wa ya kama maka?"

Na faɗa masa komai. Ya tambayi sunan mutumin, na ce ban sani ba. Garinsu, ban sani ba.

"Kwana nawa ya yi?"

"Ya fi mako."

"Mi kab ba shi?"

"Ba komai, Baba. Haka suke yi, kyauta ne."

Fuskarsa ta canza. Ku da ba 'yan wajenmu ba ne, bari in ɗan yi bayani. A al'adarmu akwai golmo, noman da saurayi yake yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Ba shi kaɗai yake yi ba, sa'o'insa ne suke taya shi, shi ma ya taya su a gonakin nasu surukan. Baba shekara bakwai ya yi kafin ya auri mahaifiyata, kuma har ya tsufa yana iya lissafa wanda ya zo da wanda ya noƙe.

"Lokacin da munka yi golmo," ya ce, "wanda ya duƙa a gonarka, kai ma sai ka duƙa a tashi. Mutum ya yi maka gayya mako guda, ko ruwa ba ka ba shi ba, kana nan kana ce min kyauta? Nemo adireshinshi. In anka yi girbi za mu aika mishi da buhun dawa."

Mahaifiyata daga ciki ta ce a haɗa da daddawa.

Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa dawa ba za ta kai can ba, ko ta kai ma mutumin bai san abin da zai yi da ita ba. Bai saurare ni ba. Dole na hau dutse na rubuta saƙon, ina jin kaina wani iri. Amsa ta zo washegari. Mutumin ya ce ya yi dariya har matarsa ta zo ta karanta, ya ce in gaishe da Baba, ba ya bukatar komai. Idan dai lallai sai mun rama, in rubuta yadda muka yi dalla-dalla a dandalin, kuma in wani ya zo da irin matsalar in kama masa.

Na fassara wa Baba ina zaton magana ta ƙare. Ya gyaɗa kai.

"To, madalla. Ya nuna maka gonarshi."

Daga ranar na shiga uku. Kowace Asabar da safe, kafin in fita ko'ina, sai na hau dutsen nan na duba ko akwai mai tambaya. Na rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya, har da gargaɗin a fara kwafe komai, wanda na rubuta da manyan baƙaƙe saboda na san dalili. Na amsa wa mutanen da sai na duba taswira kafin in san inda ƙasarsu take. Abokina ya riƙa tsokanata da cewa an ba ni mata a intanet ina biyan golmo. Ko da na tafi bautar ƙasa, in na kira gida, bayan gaisuwa tambayar Baba ta farko ita ce, "Ka je gonar mutumin nan?" Wani lokaci in ce na je da gunaguni, amma ban ƙara yi masa ƙarya ba.

Damina biyu ya samu yana rubutu da sauran ganinsa. Duk zuwan da na yi gida sai na ƙara wa haruffan girma, har ta kai kalma huɗu ko biyar suke cika allon. A haka, a cikin rubutun, ya ratsa bariki, ya haife mu, ya yi ritaya, ya dawo Zuru. Ya gama, ya buga a firintarsa, aka ɗinke masa. Bayan 'yan watanni hasken ya tafi gaba ɗaya. Ya rayu wasu shekaru bayan haka, jikoki suna karanta masa abin da ya rubuta, yana katse su yana gyara musu sunayen ƙauyuka.

Yanzu aikin kwamfutar nan nake ci da shi, kuma na daina amsa sunan injiniya da sauri. Na shiga harkar ne don in nuna na iya, Baba ne ya sa na gane aikin hannun mutane ne, kuma ana ramawa. Dandalin ya daɗe da rufewa, mai hoton keken ban taɓa sanin sunansa ba. Har yau ranar Asabar da safe sai na ji kamar akwai inda ya kamata in je, kuma yawanci ina zuwa wani dandalin in kama wa masu tambaya. Ina kewar barandar nan ƙwarai, ina kewar ƙarar yatsu biyu.

Littafin na sha karanta shi tsalle-tsalle, amma shafin ƙarshe ban kula da shi ba sai bayan rasuwarsa. Godiya ce. Ya jero waɗanda suka duƙa tare da shi a golmo, kowa da sunansa da ƙauyensu, yawancinsu sun riga shi tafiya. A ƙasan su duka, a cikin jerin, ya ƙara layi ɗaya: "Da wani mutum wanda ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Ya zo gonata da yamma ta yi."